Inci Shida a Filin Sarauniya

Kai da ka buɗe gwangwanin biskit ɗin nan, jika ne kai ko suruka ko baƙo mai shisshigi, ka goge hannunka ka zauna. Ba labarin hira ba ne a ciki. Wasiƙu takwas ne tsakanina da ɗana Yiu-tong, lokacin da yake aikin kafinta a tsibirin Nauru, ni kuma ina riƙe da matarsa da 'yarsa a Tudun Sek Lau. Nawa na kwafo su daga littafin da nake fara rubutu a ciki, ban gyara ko harafi ɗaya ba, har inda ba su yi mini daɗi ba. Idan kana zaune a kan ƙasar da ba taka ba, kuma a garin nan duk ƙasa ta Sarauniya ce, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga guduma. Kada ka yi wa kowa a ciki dariya. Babu wanda ya yi nufin mugunta, shi ya sa nake so ka ji tsoro.

Tse Sau-king, matar marigayi Lok

*

Tudun Sek Lau, Kowloon, Hong Kong
8 ga Satumba, 1964

Ɗana Yiu-tong,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ƙurar dutsen takin nan ba ta kama maka ƙirji ba. Ni lafiya, ban da gwiwa. Matarka A-Fun lafiya, tana nan tana haɗa furannin robarta daga safe har yamma. 'Yarka Sim tana tari.

Guguwar teku ta ranar Asabar ta yaye rufin gida goma sha ɗaya a layin sama. Namu ya tsaya, don ubanka ne ya buga shi. Bangon gaba ne ya kunyata mu. Katakon ƙasa ya ruɓe har yatsa na shiga, ruwa ya shigo ya jiƙa tabarmar Sim da buhun shinkafa. Na toshe da tsumma da tsofaffin littattafan yaran makarantata.

Jiya a bakin famfo Goggo Pang mai awara ta dubi tsumman nan ta ce, "Malama, ni na ɗauka ɗanki kafinta ne. Ko can ma da tsumma yake toshe wa Turawa bango?" Duk matan layi suka yi dariya. Na cika bokitina na taho, don ba na musu a bakin famfo. Amma kai zan gaya maka. Sau nawa na ce ka sauya katakon nan kafin ka tafi? Kullum sai ka ce gobe, har jirgi ya ɗauke ka. Mutum ya ƙetare teku yana gyara gidajen waɗanda ba su san sunansa ba, uwar da ta haife shi kuma tana kwana ruwa na taɓa mata ƙafa. Ba roƙonka nake ba. Ina so ka san yadda ake kallon gidanmu ne, ka yi tunani a kai.

Ka rage taba. Ka riƙa shan ruwan zafi, ba mai sanyi ba.

Mahaifiyarka

*

Tudun Sek Lau
15 ga Satumba, 1964

Ɗana Yiu-tong,

Gaisuwa kuma. Tarin Sim ya yi sauƙi, gwiwa tana nan yadda take.

Shekaranjiya mutanen ofishin filaye suka hawo tudun nan, su biyar, da igiyar awo da babban littafi da gwangwanin jan fenti. Gida gida suka bi. Namu suka auna tsawo ƙafa goma sha biyu da inci uku, faɗi ƙafa goma, suka rubuta cewa na katako ne da kwano. Sai wani ya zana lamba 317 da awon duka a kan katakon da ke dama da ƙofa, fentin har yana zirara.

Sun liƙa sanarwa a jikin famfo, ni na karanta wa mutane sau huɗu, don a layinmu ba mai iya karanta ta har ƙarshe. Ga abin da take nufi. Gidan da ke da jar lamba za a ƙyale shi har ranar da gwamnati za ta buƙaci filin, ranar nan kuma a ba mutanen ciki ɗaki a benen gwamnati mai hawa bakwai. Gidan da ba shi da lamba sabo ne, za a rushe shi, ba ɗaki ba komai. Gidan da aka ƙara masa girma ko aka sauya abin da aka gina shi da shi, shi ma sabo ne.

Shekara goma sha huɗu muna nan ba mu san matsayinmu ba, yau an ba mu lamba. Na kunna turare a gaban allon da muka rubuta sunan marigayi ubanka a kai, na gaya masa.

Don haka ka manta da maganar bango. Kada a taɓa shi. Ruɓaɓɓe ne, amma shi aka rubuta.

Takardar nan da sauran fili, ni kuma ba na aika takarda rabinta fari. Zan cika ta.

20 ga wata. Ɗan gidan Szeto ya dawo daga tsibirinku da akwati ɗaya da haƙorin zinariya, ba abin da ya kawo wa uwarsa. Ya ce ranar hutu caca kuke yi a bayan ɗakin girki. Bai ambaci sunanka ba, ban kuma tambaya ba. Amma ka sani, wanda ya zauna kallon caca rabinsa ya riga ya shiga. Ubanka bai taɓa riƙe 'ya'yan caca da hannunsa ba.

26 ga wata. Sim ta iya rubuta sunan gidanmu. A-Fun ta ce a gaya maka rigar sanyinka tana nan a naɗe. Ka riƙa rubutu a miƙe, wasiƙarka ta ƙarshe layukan suna gangarawa kamar za su faɗa teku.

Mahaifiyarka

*

Nauru
20 ga Oktoba, 1964

Mama,

Ina durƙusowa da gaisuwa. Ina lafiya, ƙirji lafiya, sai dai kifin gwangwani ya ishe mu. Ki shafa wa gwiwar man nan mai zafi. Ki gaishe da A-Fun, ki shafa kan Sim.

Wasiƙarki ta takwas ga Satumba ta zo a jirgin shekaranjiya, ita kaɗai. Na karanta maganar Goggo Pang sau uku, na kasa cin abinci. Gaskiyarki, Mama. Na yi ta cewa gobe, ba ni da abin faɗa.

Ba zan iya zuwa ba, amma ina da hannu a Kowloon. Na rubuta wa Mak Kau, wana a sana'a, wanda muka yi shekara huɗu muna share ƙasan shagon malami ɗaya. Kin san tsakaninmu ba a cewa a'a. Na ce ya cire bangon gaban nan gaba ɗaya, ya sa jan bulo har ƙugu yadda ruwa ba zai sake taɓa ku ba, sama kuma sabon katako. Na ce ya yi shi kamar malaminmu zai zo dubawa. Na kuma ce kada ya tsaya shawara da ke, don na san ki, za ki ce a bari, ba kya son wahalar da mutane. Wataƙila kafin ki karanta wannan kin riga kin ji ƙarar zartonsa.

In an gama, ki kira Goggo Pang ta zo ta nemi inda za ta cusa tsumma.

Ɗanki mai biyayya,
Yiu-tong

*

Tudun Sek Lau
3 ga Disamba, 1964

Yiu-tong,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Wasiƙarka ta iso hannuna jiya. Ta Mak Kau ta riga tawa da kwana shida, don shi shagonsa a bakin titi yake, mu kuwa namu sai sun taru a kantin mai magani a gindin tudu. A kwanakin nan ni ina Macau, wajen sadakar kwana arba'in da tara ta mijin yayata. Kwana uku kawai na yi.

Ranar Litinin na hawo matakala da ƙunshina, na zo daidai ƙofarmu na wuce, don ban gane gidan ba. Sai na ji muryar Mak a bayana. Yana tsaye da tumbinsa da fensir a kunne, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Inna, ki duba da kyau. Ko bakin wuƙa ba zai shiga tsakanin katakon nan ba."

Na ce, "Ina lambar?"

Ya nuna mini. Ya yanke katakon da ke ɗauke da ita a hankali, ya mayar da shi dama da ƙofa, a tsakiyar sababbi. Ya ce ko ƙurar jikinsa bai goge ba, don A-Fun ta gaya masa muhimmancinsa. Na shiga na ɗauko tef ɗin ɗinkina na auna. Ƙafa goma sha biyu da inci tara. Na sake aunawa, haka.

Na tambaye shi inci shidan nan daga ina. Ya ce da ya saki zarensa mai dalma ya ja layi, ya ga tsohon bangon a karkace yake, kusurwar hagu ta shige ciki. Shi kuma ba a koya masa ɗora bulo a kan karkataccen layi ba. "Inna, da na bi wancan layin, malaminmu zai taso daga kabari ya mare ni a gaban jama'a." Yana faɗa yana jiran in yi dariya.

A-Fun ta ce sau uku tana roƙonsa ya jira ni. Ya fito da wasiƙarka ya karanta mata inda ka ce kada a tsaya shawara. Ita ba ta karatu, maganar miji ce a takarda, ga wan mijinta a sana'a tsaye da bulo a ƙofa. Duk da haka na yi mata faɗa a gaban Sim, fiye da laifinta. Ta sunkuyar da kai tana murɗa furen roba har ya tsinke.

Na ce a mayar da tsohon bango yadda yake. Babu shi. Ya farfashe wajen cirewa, maƙwabta sun kwashe sun dafa shinkafa da shi. Mak ya ce masu sintirin ofishin filaye lamba kawai suke dubawa, ba sa aunawa sau biyu. Goggo Pang ta ce, "Kai Mai Tumbi, rufe mana baki, ka yi wa matsiyata bangon gidan gwamna. Ko makaho ya zo zai ji ƙamshin sabon katako." Ita ta kawo shawarar a tsufar da shi. Ni da nake koya wa yara arba'in a kan bene cewa ƙarya ƙazanta ce, na yini ina shafa wa bango baƙin tukunya da laka, muka rataya tsohuwar tabarma a kan bulon.

An yi ruwa shekaranjiya. Ko ɗigo bai shigo ba. Ban san abin da zan yi da wannan labarin ba, amma ga shi na gaya maka.

Wasiƙata ta biyu ba ta same ka ba ne?

Mahaifiyarka

*

Nauru
1 ga Disamba, 1964

Mama,

Gaisuwa a gurguje, jirgi na ɗaga anga da yamma. Ina lafiya.

Yau wasiƙarki mai maganar jar lamba ta zo. Mama, ki aika wa Mak Kau yanzu yanzu, kada ya taɓa bangon. Ki ce ni na ce, na janye maganata. In ya kawo bulo ya mayar. Na je wurin akawun kamfani in buga waya, ya ce wayar ta mutuwa ce da haɗari kawai, ba ta bango ba.

Na san wannan takardar ba za ta iso ba sai bayan wata ɗaya da rabi. Ina rubutawa ne don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Abu ɗaya na kasa ganewa. Jirgin da ya kawo wasiƙarki ta farko ya bar Hong Kong ranar sha tara ga Satumba, haka hatimin jakar ya nuna. Ta biyu kin fara ta ranar sha biyar. Ba tambayarki nake ba, Mama, wane ni. Ina ta lissafin kwanakin ne kawai.

Ba na caca.

Ɗanki,
Yiu-tong

*

Tudun Sek Lau
22 ga Janairu, 1965

Ɗana Yiu-tong,

Da fatan kana lafiya. Mu jiki lafiya. Sim ta daina tari tun da aka yi bangon.

Lissafinka daidai ne. Da na jefa takardar nan a akwatin gidan waya ranar da na fara ta, da ta iso hannunka a jaka ɗaya da ta farko. Na riƙe ta kwana goma sha ɗaya don in cika ta da faɗan caca da gyaran rubutu. Ban saba neman gafarar ɗan da na haifa ba, ba kuma zan fara da tsufa ba. Amma na rubuta shi a nan da hannuna, ka ajiye. Na kuma faɗa wa A-Fun haka da bakina.

Ranar sha ɗaya ga wata masu sintiri suka hawo. Akawun nan mai tabarau da ya riƙe littafi a watan Satumba, shi ne dai. Ya tsaya a ƙofarmu ya dubi lamba, ya dubi littafi, har ya ɗaga ƙafa zai wuce. Sai ya dawo ya sa bakin laimarsa ya ɗaga tabarmar. Ya ga jan bulon. Ya kira mai igiya suka auna. Daga nan wani ya ja baƙin fenti a kan 317, layi biyu a gicciye, suka ba ni takarda cewa a kwashe cikin kwana goma sha huɗu.

Sau uku na je ofishinsu. Na rubuta takardar koke da rubutun da ya ci mini kyauta a sakandare, na bayyana guguwa da tarin yarinya da jirgin wasiƙa. Ranar farko na zauna a benci daga safe har aka rufe taga. Rana ta biyu aka karɓi takardar. Rana ta uku aka shigar da ni gaban wani Bature matashi, ya saurara ta bakin tafinta, ya rubuta kalma biyu, ya ce akawu zai yi mini bayani.

Akawun ya ba ni kujera, har ya sa aka kawo shayi. Na ce a ba mu kwana biyu, mu fasa bulon mu mayar da bango baya, mu samo ruɓaɓɓen katako in shi ake so. Ya buɗe littafin ya juyo mini shi.

"Malama, gidan da muka rubuta na katako ne, ƙafa sha biyu da inci uku. Wannan gidan ba ya nan kuma. Wanda yake nan sabo ne, ba mu san shi ba."

Na ce, "To mu da ke ciki fa? Mu ne dai na da. Shekara goma sha huɗu."

"Ba mutane muka rubuta ba. Gida muka rubuta."

Na ce inci shida ne, tsawon cokalin miya. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce shi ma uwarsa a kan wani tudun take zaune, ya san yadda ruwa ke shiga. Amma in aka bar mini inci shida yau, kafin sati tudun nan kaf ya kumbura, kowa da guguwarsa da yarinyarsa mai tari. Na nemi inda zan kama shi a maganar nan, ban samu ba. Ni da kaina haka nake gaya wa yara in ɗaya ya nemi a ɗaga masa ƙafa.

Abin da ya iya yi, ya ɗage mana har bayan sabuwar shekararmu ta gargajiya da za ta kama a farkon Fabrairu, don ba sa rushe gida a kwanakin biki.

Ga abin da ya fi ciwo. An liƙa sabuwar sanarwa a famfo, ni na karanta wa mutane. Za a fasa hanyar mota ta tsakiyar tudun nan. Duk mai jar lamba zai koma bene a watan Afrilu, da famfo a kowane hawa, da bangon siminti wanda gobara ba ta ci. Na karanta musu har ƙarshe. Suka fara murna, sai suka tuna an soke lambarmu, suka ɗauki bokitansu.

Mak Kau ya zo sau biyu ya durƙusa a ƙofa. Na ce ya tashi, ba a durƙusa wa wanda ya fi ka laifi.

Mahaifiyarka

*

Nauru
4 ga Maris, 1965

Mama,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya, barci ne babu. Wasiƙunki biyu suna ƙarƙashin matashina.

Na je wurin shugaban aiki na roƙi a sallame ni. Ya ce saura wata goma sha huɗu a yarjejeniyata, kuma ba wanda ke hawa jirgi daga tsibirin nan sai da takardarsa. Na tsaya a bakin gaɓa ina kallon jirgin da zai kai miki wannan, kamar in bi shi da iyo.

Yanzu da nake rubutu na san an riga an rushe. Ban san inda kuke ba. Ban san inda Sim ke kwana ba. Zan aika ta kantin mai magani, wataƙila ya san inda zai same ku.

Satin nan ina yi wa gidan likitan kamfani tagogi. Duk lokacin da na saki zare na ja layi sai hannuna ya tsaya. Abokin aikina ya ce ko na fara shan giya ne.

Kada ki ƙara wa A-Fun faɗa, Mama, kada kuma ki ɗora wa kanki. Ni na ce kada a yi shawara da ke. Ki gaya wa Mak ba na riƙe da shi, aikin da aka koya mana ya yi.

In na dawo zan gina miki gida da hannuna, tun daga tushe har rufi, wanda ba mai ce miki komai a kansa.

Ɗanki,
Yiu-tong

*

Filin 'Yan Jira, Kwarin Hak Sek
20 ga Afrilu, 1965

Ɗana Yiu-tong,

Gaisuwa mai yawa. Muna raye, muna lafiya. Ga adireshinmu a sama, ka ƙara lamba 88 a ƙarƙashi. Mai magani ya aiko da wasiƙarka ta hannun Goggo Pang.

Sun zo ranar sha takwas ga Fabrairu da hantsi, mutum takwas da sandunan ƙarfe. Mun riga mun fitar da kaya, allon ubanka yana ƙirjina a naɗe cikin jan ƙyalle. Bango uku na da, turi ɗaya suka yi musu suka kwanta. Bangon Mak kuwa ya ƙi. Sun fi sa'a guda a kansa, har suka aika a kawo babbar guduma. Shugabansu ya goge gumi ya ce duk wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Mak yana tsaye a gefe da tukunyarmu a ka, ya juya ya fuskanci dutse har suka gama.

Babbar mota ta kawo mu nan tare da gida shida daga wasu tudunan. Wuri ne a bayan ma'aikatar siminti, an share shi an kakkafa turaku. Aka nuna mana turaku huɗu da igiya, ƙafa goma sha ɗaya da ƙafa goma, aka ce mu gina a ciki da kanmu. Takardar izinin ta ce ana iya karɓe ta da sanarwar wata guda. Na tambayi akawun nan yaushe layin bene zai zo kanmu. Ya ce akwai waɗanda suka shekara huɗu suna jira, shi ba zai yi mini ƙarya ba.

Mak ne ya buga mana ɗakin, da katakon akwatunan tashar jirgi. Na tsaya a kansa da tef ɗina, na sa ya rage inci biyu ta kowane gefe. Ƙasar a gangare take, ya ce bari ya daidaita, na ce ya bar ta. Ya buga shi a karkace yana share ido da hannun riga.

Famfo ɗaya ne ga gida casa'in. Makarantar kan bene ta yi mini nisa, mota biyu, gwiwa kuma ba ta yarda ba, sun ɗauki wata yarinya a madadina. A-Fun tana tafiyar sa'a guda ta karɓo furanninta. Sim ta fara tari kuma, ƙurar simintin ce.

Mutanen layinmu sun koma bene makon jiya. Goggo Pang ta zo da awara a ganye, ta zauna a bakin ƙofa ta ce ɗakin da aka ba ta kamar aljihun tebur ne, hawa na shida, in ta yi atishawa maƙwabci na amsawa, wai mu da muke nan mun fi ta iska. Na san don ni take faɗa. Da za ta tafi ta ce, "Malama, da na haɗiye harshena ran nan a famfo." Na ce ta ɗauki ganyenta, mota za ta wuce ta.

Ka ce za ka gina mini gida wanda ba mai ce mini komai a kansa. A kan wace ƙasa? Ka yi shekara talatin da ɗaya, ya kamata ka daina irin wannan magana. Kakanka yana da gona a ƙauye aka karɓe. Ubanka ya buga gida a kan dutsen da ko akuya ba ta so, aka ce na Sarauniya ne. Ba za ka gina mini komai ba. Ka gama aikinka lafiya ka dawo da ƙirjinka, shi ke nan abin da nake nema.

Ranar Asabar aka yi ruwan farko. Rufin ya yi yoyo daidai kan gadon Sim. Na juya na ga A-Fun ta hau kujera da guntun kwano da guduma, ƙusa biyu a bakinta. Na kama hannunta na karɓe gudumar. Ta ce, "Mama, ƙusa biyu ne kawai." Na ce ta sauko. Muka ja gadon gefe. Na rubuta wa ofis ranar Litinin, ba su amsa ba tukuna.

Mahaifiyarka,
Tse Sau-king

Ga abin da na rubuta na liƙa a bayan ƙofa, na karanta wa A-Fun da Sim har suka haddace. Kai ma ka haddace kafin ka sauko daga jirgi.

A gidan Lok ba mai buga ƙusa, ba mai sauya katako, ba mai toshe ɓaraka, ko don tausayi ko don kunya, sai takarda ta zo daga ofis da hatimi a kanta. In rufi ya yi yoyo a tara roba. Guduma tana cikin akwatina, makullin yana wuyana. Ranar da ka dawo, ka bar kayan aikinka a shagon Mak, ka shigo gidan nan ba komai a hannunka.